Muhawara: Me ya sa likitocinmu ke gudun saka dosiyen maras lafiya a kwamfuta?

Abdul-Aziz: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga likitocinmu, don Allah kada a ɗauke ta da zafi. Wata kilinik mai zaman kanta a nan Damagaram ta sayi manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, aka ja waya, aka sa kwamfuta a kowane ɗakin duba mutane. Ina cikin waɗanda suka yi aikin. Masu karɓar kuɗi sun riƙe ta hannu bibbiyu, ƴan labo ma haka. Likitoci kuwa, ba a yi nisa ba suka koma wa alƙalami da takarda. Yanzu kwamfutocin suna nan an lulluɓe su da zane saboda ƙura. Mutanen da suka kwashe shekaru a jami'a, suke yini a WhatsApp kamar kowa, me ke ba su tsoro a allon kwamfuta?

Majo Issufu: Wa alaikumus salam. Abdul-Aziz, da sassafe haka? Bari in gyara zama.

Dakta Lawali: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin in amsa maka, ni ma in tambaye ka. Lokacin da kuka kafa na'urorin nan, a cikinku wa ya zauna kusa da likita daga safe zuwa azahar ya ga yadda yake aiki?

Na taɓa gwada irin wannan manhaja a wani wuri. Kafin ka isa inda za ka rubuta abin da ya kawo mutum, sai ka ratsa shafuka: suna, sunan uba, unguwa, sana'a, lambar waya, wanda zai biya. Ranar haihuwa dole ce, in ba ka cika ba shafi na gaba ba ya buɗewa. To ga tsohuwa an kawo ta daga wani ƙauyen Dungas, ita ba ta san shekarunta ba, takardarta ma cewa ta yi an haife ta wajajen shekara kaza. Sai ka laƙaba mata 1 ga Janairu don na'ura ta bar ka ka wuce. Ka duba duk inda aka yi wannan aiki a ƙasar nan, za ka tarar da tulin mutanen da aka haifa ranar 1 ga Janairu.

Abu na biyu shi ya fi damuna. Ni da ido nake fara duba mutum. Tafiyarsa daga ƙofa zuwa kujera, farin tafin hannunsa, yadda yake jan numfashi, yadda mace ke satar kallon mijinta kafin ta ba ni amsa. Duk wannan cikin minti guda na farko nake ɗaukarsa. In na sunkuya ina neman haruffa da yatsa biyu, ya wuce ni. Alƙalami kuwa hannuna ya san hanyarsa, ina rubutu ina kallon mutum.

Abdul-Aziz: Baba Dakta, gaskiya ba wanda ya zauna. Mai kilinik ne ya faɗa mana abin da yake so. Amma saurin bugu ai koyo ne, wata biyu ya isa.

Dakta Lawali: Kenan wanda ba ya duba maras lafiya shi ya tsara wa mai dubawa kayan aikinsa.

Mutari: Baba Dakta, da girmamawa, ni ɗalibi ne a sashen likitanci na jami'ar André Salifou, bari in faɗi abin da idona ya gani. Ina tattara bayanai don kundin kammala karatu, sai aka tura ni ɗakin ajiyar dosiye na inda nake staj. Kwalaye ne jibge har kusa da rufi, an ɗaure wasu da tsumman bandeji. Na ƙasa gara ta yi musu cin tsiya, na kusa da taga ruwan damina ya haɗe takardunsu sun zama dunƙule. Mai gadin ɗakin dattijo ne, shi kaɗai ya san inda shekara kaza take, ranar da bai zo ba sai ka haƙura. Waɗanda na samu kuma, wani babu nauyin yaro, wani babu sakamakon gwajin jini, wani ba a rubuta ko an sallame shi ne ko ya rasu ba. Idon da kuke duba mutum da shi gaskiya ne, mu ma shi muke zuwa koya a wajenku. Amma abin da idon ya gani, in ba a ajiye shi inda za a same shi ba, ranar da kuka yi ritaya ya tafi tare da ku.

Majo Issufu: Yaron nan zai yi likita.

Dakta Lawali: Mutari, maganarka tana kan hanya. Sai dai likitan da bai rubuta nauyin yaro a takarda ba, a kwamfuta ma ba zai rubuta ba. In kuka tilasta masa, zai buga kilo 10 ga kowane yaro don shafi ya wuce. Gara a bar gurbin babu komai, aƙalla ka san ba a auna ba.

Dakta Nana Hadiza: Salamu alaikum, yanzu na fito daga gardi, na tarar an yi nisa. Ni ina ɓangaren masu so, kuma dalilina yara masu amosanin jini ne. Irin yaran nan namu ne har su girma, yau suna nan gobe suna can. Uwa ta shigo da yaro cikin dare, ya yi fari fat, yana ihu da ciwon ƙashi. Abin da nake bukata in sani a take kaɗan ne: rukunin jininsa, yaushe aka yi masa ƙarin jini na ƙarshe, nawa jininsa yake tsayawa in yana lafiya, wane magani ne jikinsa ba ya karɓa. Duk suna cikin karne, ɗan littafin asibiti da ake ba maras lafiya ya riƙe. Ina karne? An baro shi a gida, ko mai ya zube a kai, ko ya cika an sayi sabo an jefar da tsohon. Akwai uwar da ta miƙo mini karnen yayan yaron, ita a wajenta duk ɗaya ne tunda ba ta karatu. Sai da na ga shekarun ba su yi daidai da yaron da ke gabana ba na gane.

Akwai yarinyar da maganin cotrimoxazole ya taɓa saluɓe wa fata, aka sha wuya kafin ta tashi. Da hannuna na rubuta da jan alƙalami a bangon karnenta. Bayan wani lokaci aka kai ta wani wuri ba tare da karnen ba, aka sake rubuta mata shi. Allah ya sa uban ya gane kwalin maganin a farmasi ya ƙi saya. Manhaja mai hankali da ta yi ja ta hana tun a ofishin likita.

Amma Abdul-Aziz, kada ka yi murna tukuna. In ka kawo mini irin wadda Baba Dakta ya kwatanta a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka haɗu, yara biyu ko uku a gado ɗaya, iyaye mata zaune har baranda, wallahi ni ma zane zan lulluɓa mata. Ka tambayi waɗanda suka yi aiki a sashen yara na Magariya tare da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF yadda waɗannan watanni suke.

Alhaji Ibro: Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwar Dole ne, ɗiyata ce ma'aikaciyar jinya ta sa ni cikin zauren nan. Mahaifiyata tana da ciwon suga da hawan jini. Mun yi gwaje-gwaje a nan, aka ce mu je Yamai, kusan kilomita 900 da tsohuwa a mota. Can aka ce a sake komai daga farko. Muka je Kano, nan ma aka sake. Kowane zuwa jikkuna ne ke fita, ga jinin tsohuwa da ake ta ɗiba. Yanzu leda guda nake yawo da ita cike da takardu, kuma babu likitan da ke da lokacin karanta su. In kwamfuta za ta raba mu da wannan, don Allah likitoci ku daure.

Dakta Sanusi: Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya. Sai dai kada in ɓoye maka, kwamfutar kilinik ɗaya ba ta magana da ta wata kilinik sai an tsara hakan tun daga sama, balle ta Kano da ke wata ƙasa. Ni a Faransa nake aiki. Tun 2004 suka kafa dokar dosiye guda na kowane ɗan ƙasa, aka yi ta faɗi-tashi, likitoci ba su kula shi ba, marasa lafiya ma haka. Sai a 2022 suka sake masa fasali da sunan Mon espace santé. Ƙasa mai wuta dare da rana kenan, mai lambar shaida ga kowa.

Abdul-Aziz, ƙorafin likitocin Damagaram ba nasu ba ne su kaɗai. A Amurka gwamnati ta zuba biliyoyin daloli daga 2009 don asibitoci su koma kwamfuta, kuma sun koma. A 2016 mujallar Annals of Internal Medicine ta buga wani bincike da aka bi likitoci ana auna lokacinsu: duk awa ɗaya da likita ya yi da maras lafiya, yana yin kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur, ban da wanda yake ƙarasawa a gida da dare. Har sana'a ta fito daga ciki, ana ɗaukar mutum ya zauna a gefe yana bugawa likita yana duba mutum. Ingila kuma ta ƙaddamar da gagarumin shiri a 2002 na haɗa asibitocinta a tsari ɗaya, a 2011 aka wargaza shi bayan an narkar da kuɗi wajen fam biliyan 10. Cikin laifukan da aka ɗora wa shirin har da cewa daga sama aka sauko da shi, ba a ji ta bakin masu aiki a gadon maras lafiya ba.

Duk da haka in ka ce in koma takarda a nan, ba zan yarda ba. Mutum ya shigo a sume, in buga sunansa in ga magungunansa da hoton ƙirjinsa na bara. Ina zagin na'urar kullum, kuma ba na iya aiki ba tare da ita ba.

Malam Ma'azu: Likitoci ku yi haƙuri, yau sai na faɗa. Mu ƴan farmasi mu muke shan wahalar rubutunku. Takardar magani ta zo, ka juya ta sama ka juya ta ƙasa, ka kira abokin aiki, ku taru kuna canki-canka. Ka kira likita ba ya ɗauka. Ko don wannan kaɗai ya isa a koma bugu.

Kuma akwai abin da kowa ke kewayewa. Kwamfuta tana rubuta lokaci. Tana nuna ƙarfe nawa aka fara duba mutum na farko, ƙarfe nawa aka tashi, wa ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta kala uku ga mai mura, wa aka duba ba tare da rasit ba. Wasu ba wahalar bugu ce ta dame su ba, ba sa son a ga sawunsu ne.

Majo Issufu: Tirƙashi.

Dakta Lawali: Malam Ma'azu, ka iya bakinka. Akwai likitoci a zauren nan da suke kwana a tsaye, su sayi safar hannu da kuɗin aljihunsu. Ba daidai ba ne ka yi musu kuɗin goro.

Malam Ma'azu: Ranka ya daɗe, wasu na ce. Kai ma ka san su, ni ma na san su.

Dakta Nana Hadiza: Baba Dakta, a nan kam Malam Ma'azu bai yi ƙarya ba, akwai su. Amma Malam, lissafin na'ura ma yana da nasa zalunci. Za ta nuna na duba mutum kaɗan ranar Talata, ba za ta nuna cewa rabin yinin na yi shi a kan jariri guda da ke shiɗewa ba. In shugaba ya ɗauki lambobin nan ya mai da su bulala, likita zai koyi yadda zai faranta wa lambobi rai, maras lafiya ne zai biya. Wannan fargabar halas ce, kuma masu gaskiya ma suna da ita.

Hajiya Balki: A matsayina na mai kula da zaure, don Allah a sassauta, kuma ba a kama suna. Sannan ni ma ina da tawa a matsayin ungozoma. Damagaram gari ne da kowa ya san kowa. Daga Birni zuwa Zango zuwa Garin Malam, in ka bi dangi sai ka tarar da surukinka. Mace ta zo awon ciki, gwajin ƙanjamau ya nuna tana ɗauke da shi. Ko budurwa ta zo da cikin da gidansu ba su sani ba. Yau wannan sirrin yana cikin rajista guda, a cikin kabad, makulli yana ɗaure a bakin zanena. Gobe in ya shiga kwamfuta, yaron da ke karɓar kuɗi zai iya buga sunan matar wansa ya karanta? Na ga inda aka rubuta kalmar sirri a takarda aka manna a jikin allo, kowa da ita yake shiga, har masu staj. Aure nawa wannan zai kashe? Matan da na sani, in suka ji ana saka sunansu a na'ura, wasu ba za su sake zuwa awo ba.

Abdul-Aziz: Hajiya, wannan kam akwai maganinsa. Kowane ma'aikaci da nasa mabuɗi, kuma abin da aikinsa ya shafa kaɗai yake gani. Mai karɓar kuɗi yana ganin kuɗi, ba ya ganin sakamakon gwaji. Duk wanda ya buɗe dosiye kuma na'ura tana rubuta sunansa da lokaci. Rajistarki in wani ya buɗe ta bayan kin fita salla, ba za ki taɓa sani ba. Ga doka ma: tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda aka fi tsaurarawa.

Hajiya Balki: Ɗana, doka tana Yamai. Ni ina maganar ƙarfe 3 na dare ne, mace tana zubar da jini, mai mabuɗi ya tafi gida. Dole wani ya ba wani nasa, daga ranar kuma ya zama na kowa.

Dakta Sanusi: Hajiya ta faɗi abin da ke faruwa har a nan Turai. Sai a ƙara da ɓarayin intanet. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urorin asibitoci da dama a Ingila, aka soke dubban alƙawuran ganin likita, wasu wuraren aka koma alƙalami. Duk wanda zai kafa irin wannan tsari sai ya tanadi abin da za a yi ranar da ya tsaya.

Majo Issufu: To bari mu mutanen daji mu sa baki, tunda duk maganar ta birni ake yi. Ni CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, nake riƙe da ita a yankin Mirya. Ku kuna gardamar ko za a shiga kwamfuta, mu mun daɗe da shiga ta ƙofar baya. Rahoton wata-wata a DHIS2 yake tafiya, manhajar da jami'ar Oslo ta ƙera, ma'aikatar lafiya ta ɗauke ta. Ba dosiyen mutum ɗaya-ɗaya ba ne, jimilla ce: zazzaɓi nawa, haihuwa nawa, rigakafi nawa. Ga yadda ake yi. Da rana ka rubuta a rajistar duba marasa lafiya, da ta awon ciki, da ta rigakafi, da ta tamowa, da ta tsarin iyali. Ƙarshen wata ka baje su a tabarma da tocila a baki kana ƙirga layi-layi. Ka cika rahoton takarda. Sannan a shigar da shi na'ura, in rezo ya yarda. Aiki ɗaya, hannu uku. Takarda ba ta ragu ko ɗaya ba, na'ura ce aka ɗora a kanta. Kamar jakin da aka ce za a sayo wa amalanke don ya huta, amalanken ya zo aka ɗora masa shi a baya tare da kayan.

Kuma lambobin nan sama suke tafiya, ba sa dawowa. Ban taɓa buɗe na'ura ta faɗa mini cewa yaron nan Sani ya tsallake rigakafin ƙyanda, a neme shi ba. Shi ya sa in an ce wa ma'aikaci ga sabuwar manhaja, abin da kunnensa ke ji shi ne ga sabon aiki domin wani mai ofis.

Inda nake ganin za ta yi mana rana shi ne maganin kyauta. Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 ba sa biya, mu yi aiki mu tura takardun neman a mayar mana da kuɗin. Da kowane yaro yana cikin na'ura da abin da aka ba shi, da lissafin ya fita da kansa, ba mai cewa takardarka ba ta cika ba.

Mutari: Majo, ai akwai tablet da fanon hasken rana yanzu.

Majo Issufu: Akwai. Furoje ya kawo, ya yi mana horo na ƴan kwanaki a otel, aka raba kuɗin zama, aka ɗauki hoto. Furoje ya ƙare, batir ya mutu, cajar ta ɓace, wanda aka horar an yi masa canjin wurin aiki. Je ka buɗe kabad ɗin CSI da yawa ka gani. Ku na birni ma kada ku manta da watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina da Gazawa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Watanni aka yi ana karɓa-karɓa. Mai asibiti da ke ƙirga litar gazuwal, tsakanin ɗakin tiyata da firjin jini da kwamfutar ofis, wa kake jin zai kashe?

Dakta Lawali: Majo ya gama magana. Abdul-Aziz, ka ga masu karɓar kuɗi da ƴan labo sun karɓi manhajarku da gudu ko? Domin ta rage musu aiki ne tun ranar farko. Mai karɓar kuɗi ba ya sake lissafi da yamma, ɗan labo ba ya sake kwafe sakamako. Likita kuwa shi ke zuba mata, ita ba ta ba shi komai. In ta fara ba ni abin da zan yi aiki da shi kafin ta nemi in cika mata gurabe, za ka ga ko tsoho yana iya koyon bugu.

Dakta Sanusi: Yaya Lawali, akwai inda aka bi ta wannan hanyar, kuma a Afirka. OpenMRS manhaja ce ta kyauta da aka faro a 2004, aka fara aiki da ita a Eldoret ta ƙasar Kenya wajen kula da masu ƙanjamau. Ba su ce likita ya yi bugu ba. Takarda mai gurabe yake cikawa da alƙalaminsa, ma'aikatan shigar da bayanai su buga daga baya. In maras lafiya ya dawo, sai a fito wa likita da taƙaitaccen shafi: ga magungunansa, ga gwajinsa na baya, ga abin da lokacinsa ya yi ba a yi ba. A Malawi kuma, a Lilongwe, allon taɓawa suka yi mai manyan maɓallai, na'ura ta buga ƴar takarda mai lamba a manna a karnen maras lafiya. Karnen bai mutu ba, shi ne ma ya zama mabuɗin dosiye.

Dakta Nana Hadiza: Wannan ta lambar ita ce maganin Nana Aishatu Musa goma da ke zuwa mini a mako. Suna ɗaya, sunan uba ɗaya, unguwa ɗaya, ranar haihuwa 1 ga Janairu. In babu lamba, haɗa dosiyen yara biyu ya fi ɓatan karne haɗari, domin za ka yarda da abin da allo ya nuna maka.

Abdul-Aziz, ga abin da nake so, ka faɗa mini ko zai yiwu. In ɗora lambar karne, shafi ɗaya ya fito. A samansa nauyin yaro na ƙarshe, rukunin jini, maganin da ba ya karɓa da ja. A ƙasa zuwansa uku na baya da sakamakon labo. In na sa nauyi da sunan magani, ta lissafa mini adadin da zan ba shi. Suna da unguwa da lambar waya a cika su a wajen karɓar baƙi, kada su iso gabana. Ta yi aiki ko babu intanet. Kuma ƙarshen wata ta fitar wa Majo rahotonsa da kanta, a ɗauke masa rajista aƙalla guda.

Abdul-Aziz: Anti Dakta, duk mai yiwuwa ne. Uwar na'ura a cikin asibitin za ta zauna, da batir da fano, ba ta bukatar intanet sai lokacin tura rahoto. Abin da ya fi wuya shi ne na ƙarshe, domin ɗauke rajista ba a hannunmu yake ba, sai ma'aikata ta yarda cewa abin da ke cikin na'ura ya wadatar. In ba ta yarda ba, masu sa ido za su zo su ce a nuna musu takarda.

Malam Ma'azu: Ni dai a sa takardar magani ta riƙa fitowa a buge, sauran ku ƙarata.

Alhaji Ibro: To ni ledata fa? Kenan in ci gaba da yawo da ita?

Dakta Nana Hadiza: Alhaji, ka riƙe ta da kyau tukuna. Amma ka nemi likitan da ke bin Hajiya ya rubuta maka taƙaitawa a shafi ɗaya: cututtukanta, magungunan da take sha da adadinsu, gwajin suga da na ƙoda na ƙarshe da kwanan watansu. Ka ɗauki hotonsa a wayarka. Shafi ɗaya kowane likita zai karanta.

Dakta Lawali: Abdul-Aziz, in da gaske kake, ka zo ka zauna a bayana ka ga aikin, bayan shugabannin wurin sun ba da izini, kuma duk maras lafiyar da bai yarda ba ka fita. Kada ka zo da kwamfuta, ka zo da agogo. Kuma kada ka zo yanzu da sanyi, ka bari sai damina ta zauna.

Abdul-Aziz: Na karɓa, Baba Dakta. Zan zo da Mutari in ya samu sarari.

Hajiya Balki: In kun gama da shi ku biyo ta ɗakin haihuwa da dare, ku nuna mini wanda zai riƙe mabuɗi.

Majo Issufu: Daga nan ku ƙaraso daji ranar 30 ga wata, akwai tabarma. Kuma Abdul-Aziz, kafin ka zo ka samo mini amsar wannan: batir ɗin da ka ambata in ya mutu bayan shekara biyu ko uku, cikin kuɗin wa za a sayi sabo?